Agogon da Malam Ya Yi wa Rufin Kwano

Mijina bai taɓa shanye kofin shayi a zaune ba. A tsaye yake kurɓa, ƙafa ɗaya a ɗaki ƙafa ɗaya a waje, yana cewa, "Yanzu zan dawo." Da wannan kalma ya aure ni, da ita na yi goyon 'ya'yansa, har unguwa ta ajiye sunansa na yanka ta koma kiransa Yanzu-zan-dawo. Ni Malam nake ce masa. In ya ƙure ni, in ce bawan Allah.

Masinja ne a ofishin wani kamfanin sufuri, tun gashinsa na baƙi har ya koma auduga. Aikinsa ya ɗauki takarda daga wannan tebur ya kai wancan gini, ya jira a buga hatimi, ya dawo. An taɓa ba shi keke ya mayar, wai neman inda zai jingine shi na ɓata masa lokaci. Takalman da ƙafarsa ta cinye, da an tara su da mun buɗe shago. Yana kuma da ilminsa na masinja wanda yake taƙama da shi: ba ya taka rana. Ya san gefen titin da ke da inuwa da hantsi, ya san wanda ke da ita in rana ta karkata. Jikin bango yake bi, da ƙarƙashin rumfunan shaguna, da gindin itatuwa, kamar ɓeran da ya ji motsin kyanwa. Zai ratsa gari daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya dawo hularsa ko gumi babu.

Ranar da ya yi ritaya abokan aiki suka ba shi kujera mai lilo. Kyanwarmu na gode musu har yau. Shi kuwa sai ya zama masinjan kowa, ba albashi, ba ma aike. In maƙwabciya ta ce a ɗakinta, "Ashana ta ƙare," kafin ta rufe baki ya kai bakin titi.

Abu ɗaya na sani a duniya da ke dasa shi wuri guda, shi ne maganar laima. Wata baƙar laima ce mai mariƙin katako, ta ɓata tun babbar 'yarmu na goye. Ya ce ni na baro ta a asibiti. Ni kuma na san shi ya manta ta a motar haya, don da idona na ga ya fita da ita. Duk ranar da aka taɓo laimar nan sai ya tsaya cak kamar an kafe shi da ƙusa, ya fara jero shaidu, rayayyu da matattu. Ko gobara ake yi sai ya kai aya.

Babbar 'yar tamu ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya. Kowa Sista yake ce mata, har mu da muka haife ta. Yarinya ce mai kirki, amma kirkinta irin na allura ne. Bara jiri ya kwashi Malam a tashar mota, ya faɗi tsakanin masu lodi, ba wanda ya san gidansa sai da wani direba ya gane shi. Washegari Sista ta zo da ƙaramin kwali, ta zaunar da ubanta kamar mai laifi, ta ɗaura masa baƙin agogo a hannun hagu.

"Baba, wannan zai riƙa nuna min inda kake a wayata. In ka cire shi, zai yi min ƙara. In ka danna nan, zai kira Mama. Iyakarka daga shagon mai gyaran waya zuwa famfon kan kwana."

"Nan da can ai ko kaza ta fi haka yawo," in ji shi.

"Kaza ba ta da hawan jini. Kuma ku ji da kyau, ku biyun. Ranar da na sake jin ka ɓata, zan kwashe ku ku koma wurina."

Wurinta hawa na huɗu ne a wani dogon bene, tagar ɗakin da ta tanadar mana bangon wasu take kallo. Da gwiwoyin nan nawa, in na hau can, saukowata sai a kafaɗun mutane. In bar tsakar gidana, da bishiyar lemona, da kajina, da bakin ƙofar da nake zama ina ganin wa ya wuce da wa? Na ce, "Malam, ka ji dai." Ya ce ya ji. Yana faɗa yana laluben takalmi da ƙafa.

Kwanakin farko agogon ya hana shi sakat. Da ya gota famfo sai hannunsa ya yi magana da muryar Sista: "Baba, ina za ka?" Dattijo da furfurarsa, a gaban mutane, yana ba wuyan hannunsa haƙuri. Sai kuma wata rana da yamma, yana tsaye a gabana a tsakar gida ina tsintar shinkafa, wayata ta yi ƙara, Sista ce.

"Mama, me Baba yake yi a gidan tela?"

Tela maƙwabciyarmu ce, bazawara, tana zaune a benen da ya tokare mana gabas. Na dubi Malam sama da ƙasa na ce, "Wane Baban? Nawa dai ga shi nan yana tare min haske."

"Ga ɗigonsa nan a taswirar wayata, a cikin gidanta."

"To ɗigon ne ke neman aure. Wannan ko an ba shi mata ba zai zauna a ɗaura ba."

Da safe muka ɗunguma shagon mai gyaran waya. Injiniya ake ce masa, mutum mai tumbi da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, shagonsa cike da gawarwakin wayoyi. Shi ya haɗa wa Sista agogon da wayarta, kuma irin mutanen nan ne da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun ba ka tarihin agogo. Malam ya miƙa masa hannu ya ce, "Gaya min wanda ke leƙena daga sama yana kai tsegumi, har da ƙarin gishiri."

"Baba, ba mai leƙenka. Taurarin ɗan'adam ɗin nan ba su san da zamanka ba. Magana kawai suke yi ba dare ba rana, ba sa sauraron kowa."

Na ce, "Ashe danginku ne, Malam."

Injiniya ya ture tabarau ya shiga bayani, ni kuma ga yadda na ɗauke shi. Taurarin nan da yawa suke, suna kewaya duniya can nesa, kowanne da waƙarsa da ba ta kama da ta ɗan'uwansa, yana maimaita ta ba hutu. Kafin muryar ta iso ƙasa ta sirance, ta fi raɗa rauni, hayaniyar duniya ta binne ta. In da kunne kawai agogon zai kasa, ba abin da zai ji sai shuu. Dabararsa ita ce ya haddace waƙoƙin duka. Sai ya zaɓi guda ya riƙa rera ta a cikinsa yana gwadawa da hayaniyar: ya ja baya kaɗan, ya matsa gaba kaɗan, ya siranta murya, ya kauranta, har bakinsa ya hau daidai kan na tauraron. Nan take sai muryar ta fito fili.

"Me ya kawo sirantawa da kaurantawa?" in ji Malam.

"Ka tsaya a bakin titi babbar mota ta taho tana oda. Tana nufo ka muryar siririya ce, tana wuce ka sai ta yi kauri. Haka tauraron da ke tasowa da wanda ke faɗuwa. Agogon bai san wanne ne wanne ba, sai ya gwada."

Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Ko a tsakiyar kasuwa Malam ya yi gyaran murya zan tsince shi, ba don ya fi kowa ƙara ba, sai don na riga na san abin da nake jiran ji.

"Nema shi ne wahala," in ji Injiniya. "In ya kama, riƙo ba wuya. Kamar ɗa ne da ya kama bakin zanen uwarsa a kasuwa, ta yi sauri ya yi sauri, ta karkata ya karkata. Tauraro na tafiya, kai ma kana tafiya, agogon na ta gyara bakinsa kaɗan-kaɗan don kada waƙar ta kuɓuce. A cikin waƙar kuma tauraron na saƙa labari: ni ne wane, ina wuri kaza, lokaci kaza na faɗi wannan. Dole agogon ya ji labarin daga farko har ƙarshe. In wani abu ya gitta ya katse, sai ya jira a sake zagayowa. Daga nan ya auna lattin da muryar ta yi a hanya, ya san nisansa da tauraron."

"Guda nawa yake buƙata?"

"Aƙalla huɗu. Uku su nuna wurin, na huɗu ya gyara masa lokaci, don lokacin da yake riƙe da shi na ɗan araha ne, nasu kuwa ba wasa."

"To wa ya kai ni gidan tela?"

"Gine-gine. Benenta ya tare maka rabin sama. Muryar wani tauraron ba ta zo maka kai tsaye ba, sai da ta bugi bango ta dawo, ta yi latti fiye da ƙima. Agogon ya ɗauka nisa ne, ya ajiye ka inda ba ka je ba."

Na ce, "Maganar da ta biyo ta bayan gida dama ba ta zuwa daidai."

Malam bai yi dariya ba. Idonsa ya ƙanƙance, irin yadda yake yi in ya hango gajeriyar hanya. Ya ce, "In ina cikin ɗaki fa?"

"Rufin kwano da siminti na kashe muryar. Agogon zai ci gaba da gaya wa Sista yana hannunka, don wannan ta layin waya yake bi, shi kuwa layin waya da ƙarfinsa. Amma ɗigon zai tsaya inda ya bar ka na ƙarshe. Ita ma ta sani, na gaya mata: in ɗigo ya daskare a gida, Baba na ɗaki yana hutawa."

"Yana hutawa," in ji Malam a hankali, kamar mai lasar zuma.

Ba a jima ba ya dawo daga wurin maƙerin da ke yin mazurari da bokitai, hannun rigarsa a kumbure. Ya naɗe ya nuna min. Rufin kwano ne, ɗan ƙarami kamar murfin gwangwanin madara, da 'yar igiyar roba, an kifa shi a kan agogon. Maƙerin ma ɗan son aiki ne, ya yi masa tudu da kwari irin na kwanon gaske, har da indararo.

"Duk inda na je yanzu ina ɗaki," in ji shi.

Na ce, "Bawan Allah, mutane na gina ɗaki su shiga, kai ka gina ka ɗaura a hannu."

Ban kai ƙara ba, kuma ina da dalilina. Kwanakin da ya yi a tsare, ya jera min tukwane bisa tsawo, ya canja wa gishiri mazauni har na zuba sukari a miya, ya tsaya a kaina yana koya min shara. Namiji mai ƙafa in kika hana shi titi, kicin ɗinki zai mai da tasha.

Sai abin ya zauna haka. Da safe ya tsaya a tsakar gida ɗigo ya sauka, ya shiga ɗaki ya kifa rufi, ya fice. Sista na can asibiti tana duba waya tana jin daɗi, har tana gaya wa ƙannenta Baba ya natsu, wuni yake yana barci. Ta aiko masa da sabon matashin kai.

Wahalar da yamma take. Sista ta sa doka kafin rana ta faɗi ya fito tsakar gida ya sha iska, ta ga ɗigo ya motsa. To agogon da ya wuni a ƙarƙashin rufi, in aka buɗe shi kamar wanda ya yi barci a mota ne aka tashe shi, bai san inda aka kai ba. Taurarin da ya bari da safe sun yi gaba, wasu sun hau, labarin da ya riƙe ya tsufa. Sai ya koma nema daga tushe, waƙa bayan waƙa, ta 'yar tazarar saman da benen tela ya rage mana. Malam ya ɗaga hannu sama yana zagaya gida kamar mai korar shaho, ya shiga gindin lemo, ya fito, ya raɓa jikin bango, agogo ya kama ya saki. Tela ta leƙo ta taga ta ga dattijo na ɗaga mata hannu kullum, ita ma ta fara ɗago masa. Har ta aiko tambaya ko lafiya. Na ce a gaya mata lafiya lau, hammatarsa yake shanyawa.

Telar ce ma ta jawo abin da ya faru, ba da niyya ba. Ta gama ɗinkin wata mata da ke sabuwar unguwa, can bayan gari inda kamfani ya gina gidaje iri ɗaya, ta tsaya a ƙofa tana cewa ba ta da wanda za ta aika. A kunnen wa? Kafin ta nemo leda ya karɓe ƙunshin. "Yanzu zan dawo."

Rana ta take tsaka bai dawo ba. Ta fara karkata bai dawo ba. Sai wayata ta yi ƙara, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, ba irin wadda na sani ba.

"Ke ce?"

"Da wa ka kira?"

"Na kai kayan. Amma jirin nan ya ɗan taɓa ni, na zauna, da na tashi sai na rasa ta inda na shigo. Gidajen nan duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, farare da baƙar ƙofa. Na wuce wani jan tanki, na sake wuce shi, ban sani ba ko shi ne ko ƙaninsa."

"Ba mutane?"

"Duk sun tafi aiki. Sai kare, shi ma ba ya son magana."

Mutumin da ya san kowane lungu na tsohon gari kamar tafin hannunsa, yau shi ke cewa bai san inda yake ba. Na yafa mayafi na ja gwiwoyina zuwa shagon Injiniya, waya a kunne. Ya buɗe taswirar a tasa wayar, don tun ranar da ya haɗa agogon yana da ita. Ga ɗigo nan daram a tsakar gidana, Malam na hutawa. Na gaya wa Injiniya zancen rufin kwanon.

Injiniya ya rufe bakin wayata da hannu. "Mama, sai ya cire rufin. Amma ki sani, abin da zan gani, Sista ma za ta gani."

Na tsaya. Na hango benen nan da tagarsa mai kallon bango. Na kuma tuna yadda aka kawo min shi bara a bayan mota, hularsa a hannun wani. Na karɓi wayar na ce, "Malam, cire rufin nan."

"Za ta kwashe mu."

"Ta kwashe mu mu biyu ya fi a kwaso min kai kaɗai. Cire."

Na ji ƙarar roba. Muka zuba wa taswira ido. Injiniya ya ce ana nema. Aka jima, ana nema. Aka ƙara jimawa, ana nan ana nema. A cikin wayar kuwa ina jin taf, taf, taf, takalmi.

"Malam, tafiya kake yi?"

"Dubawa nake ko zan gane hanya."

Injiniya ya matso da baki. "Baba, me ke saman kanka?"

"Inuwa mana. Ga rumfunan ajiye motoci a jere, ga dogon bango. Mahaukaci ne zai bi tsakiyar titi da ranar nan."

Injiniya ya dafe kai. "Mama, tafiyar ba ita ce matsala ba, inuwar ce. Agogon ya wuni a rufe, daga tushe yake nema. Da ya fara kama murya sai Baba ya shige ƙarƙashin kwano, labari ya katse, a koma farko. A haka har batir ya mutu ba zai haɗa huɗu ba. Ya fito fili inda ba komai a kansa, ya tsaya, fuskar agogon na kallon sama."

Na faɗa masa. Ya ce to. Na ji shiru kamar na kirki, ban gama sauke numfashi ba sai taf, taf, taf.

"Ina kuma za ka?"

"Ga wata bishiya can, a gindinta zan jira."

"Ka tsaya a rana, bawan Allah."

"Duk aikin da na yi ban taɓa tsayawa a rana ba, sai yau da tsufana?"

Lallashi bai yi ba, tsawa ba ta yi ba. Injiniya ya nuna min alamar batirin agogon, ta koma ja. Sai na ce a raina, tsohuwa, ga ƙusa a hannunki kina neman igiya.

Na ce, "Koma tsakiyar titin, ina da magana. Ka koma?"

"Na koma. Mene ne?"

"Ba komai. Tunawa kawai na yi, da ba ka bar laimar nan a motar haya ba, da yanzu kana da inuwarka a hannu."

Takalmi ya yi tsit.

"Wa ya bar laima a mota?"

"Wanda ya fita da ita."

"Ke dai ba kya tsoron Allah. Ranar ba ruwa aka yi da safe ba? Ba ke kika goya yarinya za ki asibiti ba? Ba ƙanwata ta raka ki ba?"

"Ƙanwarka ta rasu, bar ta ta huta."

"Da tana raye da ta faɗa. Mai gadin asibitin ma ya ce ya ga mace da baƙar laima."

"Mace ɗaya ce a garin?"

Muryarsa ta dawo, har ta fi ta da. Ya kai agogon daidai bakinsa yana zazzaga masa, fuskar abin na kallon sama yadda ake so. Duk sanda na ji zai sassauta sai in ƙara itace, in ce mariƙin ma ba katako ba ne, roba ne. Ya rantse katako ne, ya faɗi shagon da ya saya, da mai shagon, da wanda ya gaje shi. Masu kawo gyaran waya suka taru a bakin shago suna saurare, wata mata har ta goyi bayansa. Injiniya na gefe, tabarau biyu duk a ido, yana raɗa, "Ci gaba, Mama, ci gaba."

Muna kan direban motar hayar, wanda Malam ya ce mutumin kirki ne da zai dawo da kayan mutane, sai ɗigon ya yi tsalle daga tsakar gidana ya dira can bayan gari. Ya ɗan yi rawa, ya matsa gefe, ya natsu a tsakiyar wani titi.

"Ya kama," in ji Injiniya, ya ɗauki makullin babur.

Bai kai ga fita ba wayarsa ta yi ƙara. Sista ce. Ban ji me ta ce ba, na dai ga Injiniya na cewa "To, to," yana ajiye makulli. Asibitinta ya fi kusa. Ni kuma ban saki Malam ba, don na san in na yi shiru zai nemi inuwa. Ina riƙe da shi a kan launin laimar har na ji tsayuwar mota ta cikin agogon, da buɗe ƙofa, da muryarta: "Baba, shiga mota."

"Tsaya, ban gama da uwarki ba."

Ta kawo shi gida, ta gwada jininsa, ta ɗura masa ruwa. Sannan ta ajiye ɗan rufin kwanon a kan tebur tsakaninmu, ta zauna tana kallonsa. Na ga gefen bakinta na rawa, ta danne.

"Har da indararo," in ji ta.

"Maƙerin ne ya ƙara," in ji Malam. "Ni ban ce ba."

"Ina ta yawo ina gaya wa mutane Baba na barci. Har matashi na saya maka. Ku fara haɗa kaya."

Malam ya sunkuyar da kai. Ranar na fara ganinsa a kujerar lilon nan, kyanwa na gefe tana hararsa. Sai na ce, "Sista, kafin mu haɗa, ina da tambaya. A gidan naki, me ke saman ɗakin da za ki sa mu?"

"Siminti. Da wani hawan."

"Agogon zai ji taurarinsa a can?"

Ni na ba kaina amsa.

"Ba zai ji ba. Kullum ɗigo zai ce miki yana ɗaki, ko yana ciki ko ya sulale. Kina ganin matakala za ta tsare wannan? Mutumin da ya yi wa agogo rufi zai yi wa ƙofarki makulli. Yau da a buɗe ya fita da abin nan, da tun jirin farko kin san titin da yake. Ke kika ja masa iyaka, shi ya yi rufi, muka taru muka ɓatar da shi."

"Da inuwar da yake bi fa? Ai duk ɗaya ne," in ji ta.

Ta kira Injiniya a waya ta tambaye shi, don ba ta yarda da shaidar mu biyun ba. Ya ce ba ɗaya ba ne: agogon da ke riƙe da taurarinsa tun safe, in rumfa ta gitta ya saki, da ya fito zai cafke, don ya san inda ya baro waƙar. Wanda aka rufe wuni guda shi ke shan wahala.

Ta kashe waya ta juyo kaina. "Mama, kin san da rufin nan tun farko?"

"Na san tukwanena sun huta."

Ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta na motsi. Da ta buɗe sai ta dawo Sista. Magani kafin ya fita, in ji ta, da gorar ruwa a aljihu, kuma ban da bayan gari. In ya ji jiri ya danna agogo ya fito fili. Ranar da ta sake ganin ɗigo ya daskare da rana tsaka ba za ta kira ba, mota za ta turo da masu ɗaukar kaya. Ta tura min rufin ta ce in yi abin da na ga dama da shi. Yana nan a kan gwangwanin gishirina, kamar don shi aka ƙera.

Muna gidanmu har yanzu, lemo na ta 'ya'ya. Malam na fita da safe hannu a buɗe, Sista na bin ɗigonsa yana rarrafe a jikin bangaye. Ba a daɗe ba ta gano amfaninsa. Yanzu in hannunsa ya yi magana a titi, ba "ina za ka" ake ji ba, sai, "Baba, tunda kana kusa da kantin magani, ka biya ka karɓo min saƙo." Ya amsa yana gyara hula, ana kallonsa, kamar an ƙara masa girma a ofis.

Kwanan baya ta kawo masa sabuwar laima baƙa, don in ta kama ya tsaya a fili ya samu inuwa. Injiniya ya ce ƙyalle ba ya hana muryar wucewa. Malam ya juya ta, ya buɗe, ya rufe, ya ƙwanƙwasa mariƙin da farce.

"Roba ne," in ji shi. "Waccan da uwarki ta baro a asibiti katako ne."

Sista ta dube ni da idon roƙo, wai in bar maganar ta mutu haka nan. Ina zan bari? Ƙusa ce, wata rana za a sake buƙatarta. Na ce, "A motar haya dai."

Ya ajiye takalmin da ya ɗauka. Ranar shayinsa a zaune ya shanye.